Askar reza ta yayyanka min fuska, ga biki saura sati biyar

Wani ƙanenmu daga Kano ne ya turo wannan, na ɗan rage mata tsawo:

"Salam Kawu, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 28, bikina saura sati biyar. Da can shagon aski nake zuwa gyaran fuska duk sati, toh tunda aka ce wani abokina yana da ciwon hanta sai na tsorata, na shiga kasuwa na sayo irin askar nan ta masu aski wadda ake karya reza a saka mata. Sau huɗu na gwada, sau huɗun nan sai da na yanke, ga ƙuraje sun feso min a wuya suna ƙaiƙayi, har amarya ta fara tsokanata wai ko mage ce ta yakushe ni. Sannan ɗakinmu ɗaya da yayana, na lura yana ɗauka ya yi amfani da ita in bana nan, ni kuma ina jin nauyin yi masa magana. In jefar da ita ne in sayi mai tsada, ko rezar ce ba ta da kyau? Wace reza ce ta fi?"

Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Kar ka jefar da askar, amma ka ninke ta ka ajiye tukuna, kuma daga yau har sati huɗu kar wani ƙarfe mai kaifi ya ƙara hawa wuyan nan naka, zan faɗa maka dalili a gaba. Abin da nake so ka fara ji shi ne ko ka sayo wadda ta ninka wannan kuɗi sau goma, in dai da hannun da kake riƙe ta yanzu zaka riƙe waccan, yanka na biyar yana nan yana jiranka.

Ni na tashi a gidan da wanzami ke zuwa duk Juma'a da hantsi, wani dattijo ne da zabirarsa a rataye, a shimfiɗa tabarma a zaure Baba ya zauna ya cire hula. Abin da har yau nake gani a idona shi ne jiƙon. Zai ɗebo ruwa a tafin hannu ya shafa a kan Baba ya murza, ya ƙara ɗebowa ya murza, suna ta hirar farashin gero da wanda ya rasu da wanda ya yi aure, mu yara har mu ƙosa muna cewa wai yaushe za a fara ne, sai can ya zaro askar ya goga ta a fata sau kaɗan ya gwada a bayan hannunsa, kafin ka ce me ya gama, kai ya fito tal kamar ƙwarya. Lokacin da ya ɓata wajen jiƙa gashi ya fi na askin nesa ba kusa ba. Kai kuma na san yadda kayi, ko baka faɗa ba: ka tsaya gaban madubi da safe kana sauri, ka ɗan watsa ruwan sanyi, ka goga sabulun wanka sama-sama, ka ɗora reza kana kankara kamar mai kankare ƙanzo a tukunya.

Kuma ka sani taka ta fi ta wanzamin rashin yafiya. Askar wanzami ƙarfe ne guda mai kauri, ana wasa ta a dutse, tana da ɗan nauyi, bakinta baya lanƙwasa. Ita kuwa rezar da kake karyawa kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ta fito daga masana'anta da kaifin da dutsen wanzami ba zai kai ba, ga kusurwa biyu masu tsini a gefe da gefe. Asali ma ba don a riƙe ta tsirara haka aka ƙera ta ba. King Camp Gillette da ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1904, gida ya yi mata mai kariya, irin wanda ake murɗa mariƙinsa a rufe ta a ciki bakin kawai ya ɗan leƙo, don mutum ya daina yanke kansa. Daga baya ne masu aski suka ɗauko ta suka saka a jikin aska saboda su huta da wasa ƙarfe kuma su riƙa canza wa kowa sabuwa. Sunan Shavette da zaka ga ana rubutawa a jikin kwali ma na kamfanin Dovo ne na garin Solingen a Jamus, ya bi bakin mutane har ya zama sunan duk wata mai irin wannan ƙira. Toh an cire kariyar kenan, yanzu hannunka ne kariyar.

Maganar zaɓin aska. Akwai mai ɓari biyu da ake buɗewa kamar almakashi, da 'yan ƙusoshi biyu ƙanana da rabin rezar ke zama a kai, sai a haɗe a danne da maƙulli. Akwai mai ɗan allo da ake zarowa daga ciki a ɗora rezar a mayar, wani na roba wani na ƙarfe. Sai kuma irin na Japan, su Feather Artist Club, waɗanda ba sa cin reza ta gama-gari sai tasu ta musamman mai tsawo da kauri, suna da daɗin aiki sosai amma kar ka soma, kuɗinsu da yawa kuma ranar da rezarsu ta ƙare maka zaka zagaye shagunan unguwarku kaf kana tambaya ana kallonka. Ni ga mai koyo ta farkon nake ce wa ya ɗauka, mai maƙulli, ta ƙarfen da baya tsatsa, mai ɗan nauyi a hannu, don wadda ta cika rashin nauyi ita ke sa mutum ya riƙa dannawa ba tare da ya sani ba. Parker na Indiya suna yin irinta mai kyau in ka samu, in baka samu ba suna ba shi ne abin dubawa ba.

Ɗauko taka yanzu ka duba ta a hasken rana. Saka sabuwar reza ka rufe, ka ɗaga ta daidai idonka. Bakin da ya leƙo daidai yake daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko wani gefen ya fi wani fitowa? Ka riƙe bayan askar ka ɗan taɓa rezar daga gefe da tsinken ashana, tana motsi? Maƙullin yana kamawa tsam ko yana zamewa? Ƙusar da ta haɗa mariƙi da ƙarfen ta yi sako-sako har mariƙin yana reto shi kaɗai? In rezar tana rawa ko ta karkace, toh wannan kam ka rabu da ita, ba gwanin da zai yi aski lafiya da reza mai rawa. In kuwa ta zauna daram, askarka lafiyarta ƙalau, ka bar kuɗinka a aljihu akwai hidimar biki a gabanka.

Ita kuma reza, tambayar wacce ta fi ba ta da amsa ɗaya, don abin da ya yi wa fatar wani daɗi wani ƙona shi yake. Akwai Lord ta Masar, Derby ta Turkiyya, Treet ta Pakistan, Dorco ta Koriya ta Kudu, Super-Max, Astra, Nacet ta Gillette, da Tiger da muka tashi muka gani a teburin mai kanti ana fiƙe fensir da ita. Feather ta Japan an san ta da kaifin tsiya, ba ta ɗan koyo ba ce. Derby mutane da yawa na cewa tana da sauƙin baki, sai dai in gemunka irin mai tauri ne kamar waya zata iya riƙa jan gashi. Sayi ƙaramin fakiti na iri biyu ko uku, ka yi aski uku da kowanne kafin ka yanke hukunci, kar ka canza reza da sabulu da aska duk rana ɗaya don ba zaka gane wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. Ka kula da jabu kuma, suna nan a kasuwa, da kuma wadda ta daɗe a rana da damina har takardarta ta yi ja-ja. Wajen karyawa, a cikin takardarta ake yi, ka ninke ta a tsakiya ta tsawo har ka ji ƙas, sannan ka buɗe, ka riƙe ta ta gajerun gefuna. Wani lokaci wajen da ta karye yana ɗan lanƙwashewa ya hana ta kwanciya a kan ƙusoshin, in haka ta faru ka gyara mata zama kar ka danne maƙulli da ƙarfi a haka. Ana ma sayar da wadda aka riga aka raba, guda 100 a kwali, masu shago ita suka fi saye. Rabi ɗaya aski biyu, in ya yi yawa uku, da ka ji ta fara jan gashi ka cire. Kar ka goga ta a tafin hannu ko a wando wai kana wasa ta irin na wanzamai, akwai wani shafi siriri da ake yi wa bakinta don ta riƙa sulɓi, gogewa kake yi.

Yanzu hannu, wanda nan ne matsalarka take. Bayan wanka ake aski, ko ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka naɗe fuska minti biyu zuwa uku, gashi in ya sha ruwa laushi yake yi. Ka samu man aski ko sabulun aski, in da hali da burushinsa, kumfar ta zama mai santsi da danshi, in ta bushe a fuska ka sake jiƙawa, musamman da hunturu da kafin ka gama ɓari ɗaya ɗayan ya bushe ƙayau. Ka buɗe askar sosai har mariƙin ya juya ya kalli sama, babban yatsa a ƙarƙashin wuyan ƙarfen, yatsu biyu ko uku a sama, ƙaramin yatsa a kan 'yar wutsiyar nan da ta fito ta baya. Ka kwantar da ita a kumatu kamar zaka shafa, sannan ka ɗaga bayanta kaɗan, kaɗan fa, tazarar da ba ta wuce kaurin bayan askar sau ɗaya ko biyu ba. Masu lissafi suna cewa digiri 30 ko ƙasa da haka. Yawancin masu koyo tsayar da ita suke yi sosai, sai ta koma kankara, daga kankara sai zafi da jini. Babu dannawa ko kaɗan, kumfa kake kwashewa, gashin zai biyo ta da kansa. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsa biyu, daga saje ka gangaro ƙasa. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne jan ta a tsawon bakinta irin yadda ake yanka nama, ko ka ɗora ta a fata ka tsaya kana tunanin ina zaka nufa. Ka yanke shawara tun tana sama. Kuma idonka na kan kusurwar nan mai tsini, ita ce ke caka kusa da kunne da gefen hanci. Ni tabon da ke ƙasan kunnena na hagu ita ta bar min, ranar ina aski wani yaro ya banko ƙofa yana kiran Kawu ana sallama, na juya kai askar tana wajen, jini har kan singileti. Tun daga nan nake sa sakata.

Kar ka ce zaka yi duk fuska ranar farko. Sati na farko kumatu kawai, inda yake shimfiɗe, sauran ka ƙarasa da kilifa. In hannu ya faɗa sai ka gangara muƙamuƙi, haɓa da ƙasan hanci su ne na ƙarshe, ai ka san aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Kana iya cire rezar ma ka yi ta gwaji da askar haka nan a kan kumfa don hannu ya saba da riƙon, wasu masu koyon aski balan-balan suke hurawa su shafa mata kumfa su kwashe, in ta fashe sun san sun danna. Zakaran wuya kuma ba a hawa kansa, jan fatar ake yi gefe ta sauka daga kan ƙashin sannan a aske.

Toh ƙurajen wuya. Waɗannan ba dauɗa ba ce kuma ba wai jininka ne ba kyau ba, yanayin gashinmu ne. Gashin baƙar fata a murɗe yake fitowa, in ka yanke shi da reza bakinsa yana zama da tsini kamar allura, yana girma sai ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, ko kuma in an yanke shi ƙasa da saman fata ya huda gefen raminsa tun bai fito ba, jiki kuma ya ɗauke shi baƙon abu kamar ƙaya ya taso masa da kumburi. Shi ya sa ya fi yawa a wuya inda gashi ke kwance kuma kowanne da inda ya nufa. Nan akwai wani abu da masu nuna aski a bidiyo ba za su faɗa maka ba, don yawancinsu gashinsu a miƙe yake. Za su ce ka ja fata ta ɗame sosai, ka bi gashi, ka gitta shi, sannan ka tare shi ta gaba har fuska ta yi sumul kamar ta jariri. Ga mai gashi irin namu wannan gayyatar ƙuraje ce. In ka ja fata da ƙarfi ka aske, kana sakinta guntun gashin zai nutse ciki. Don haka kai yatsu zaka ɗora ka daidaita fatar kawai ta kwanta kar ta tattare a gaban reza, ka bi gashi ta inda ya kwanta, sau ɗaya, in ya kama sau biyu da sabuwar kumfa, shikenan. Ka haƙura da sumul ɗin nan. Kafin ka koma aski ka shafa hannu a wuyanka ka gane ina gashin ya dosa, inda ka ji laushi nan ne hanyarsa, inda ka ji kaushi ka tare shi kenan, zaka sha mamaki wani wajen sama yake kallo wani gefe.

Maganinsu na farko shi ne a ƙyale su, shi ya sa na ce sati huɗu. Gashin in ya yi tsawo da kansa yake zaro bakinsa daga cikin fata. Kullum ka sa tawul mai ɗumi, ka ɗan murza wajen a hankali da burushi mai laushi, in gashin ya dame ka ka rage da kilifa ka bar kamar milimita ɗaya, kar a kwantar da ita har ƙasa. Kar ka matse, kar ka sa allura kana tono, kar ka tsige, baƙin tabon da ke biyo baya yana ɗaukar watanni kuma wasu fatarsu tana yin tudu mai tauri da baya komawa. Kuma dan Allah ka rabu da masu cewa a shafa man birki ko a goga lemon tsami da toka, da man shafawan nan na kemis masu haɗin magani uku da ake saye ba takardar likita, suna kwantar da abu kwana biyu su bar fata ta yi siriri ta yi dabbare-dabbare. In ka ga suna ruwa ko mugunya, ko sati biyu sun wuce ba sauƙi, ko kuma akwai irinsu a ƙeya, ka je asibiti ka nemi ganin likitan fata tun yanzu da sauran lokaci kafin biki. Wasu mutanen gaskiya wuyansu baya karɓar reza ko ta wace iri ce, in kana cikinsu sai ka bar askar ta zama ta fitar da layin saje da kumatu, wuya kuma kilifa, ba abin kunya ba ne. Maganar a bar gemu ko a rage kuwa wannan fagen malamai ne, ni nawa fata.

Bayan aski ruwan sanyi, sai alimun, wanda dai ake sa wa ruwa ya kwanta, ka jiƙa dunƙulensa ka shafa, ka bar shi ɗan lokaci ka wanke. Yana tsayar da ƙaramin jini, kuma malami ne mai gaskiya, duk inda ya yi maka raɗaɗi nan ka danna ko ka maimaita da yawa. Sai ɗan man kaɗe ko wani mai mara turare, kaɗan. Sifirit ɗin da ake kwarara wa mutum a fuska a shago har ya runtse ido, busar da fata kawai yake ƙara yi. In yanka ya yi zurfi ka danne da tsumma mai tsafta minti goma ba ɗagawa, in bai tsaya ba sai asibiti.

Saura maganar Yaya, wadda a wajena ta fi duk abin da na faɗa a sama nauyi. Tsoron da ya kore ka daga shago gaskiya ne, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe tana nan da ranta, jinin da ido ma baya gani, ga nau'in C ga HIV duk ta jini suke bi. Shi ya sa a Mina lokacin aikin Hajji hukumomin Saudiyya ke ta jan kunnen alhazai su je wajen masu aski masu lasisi da ke canza wa kowa reza. Amma kaga abin da ya faru, ka gudu daga shago ka dawo ɗaki kuna raba aska ɗaya mutum biyu, kai kana yankewa, shi ma wa ya sani. Canza reza kaɗai bai wadatar ba, don jini yana shiga tsakanin ɓarin ƙarfen nan biyu da ke riƙe ta. Ka zo neman shawara, kar garin kunya ka kwashi ciwon shawara.

Na san ba zaka iya tsayawa gaban yayanka ka ce kar ka ƙara taɓa min kaya ba, kuma bana so kayi hakan, zai ji kamar ka ce yana da cuta. Abin da zaka yi mai sauƙi ne, ka koma inda ka sayi taka ka sayo wata mai launi daban da fakitin reza da nasa alimun ɗin, don shi ma ba a rabawa, ka kawo masa ka ce Yaya ga wannan na gani ta yi min kyau na ce bari in sayo maka, an ce ba a so mutum biyu su haɗa ɗaya ko 'yan gida ɗaya ne, ni ma kaga yadda nake yanke kaina kar in shafa maka wani abu. Ka ɗora abin a kanka. Babba ne, zai gane, kuma ba wanda ya ji kunya. Taka kuma ka daina barinta a kan taga, ka sa a akwati.

Tunda a Kano kake, ka san tun 2024 akwai dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma ciwon hanta na cikin abin da ake dubawa. Kar ka jira sai satin biki, ka je yanzu, ka faɗa wa ma'aikacin lafiyan cewa kun yi tarayya a aska don ya san ko akwai buƙatar a maimaita gwajin daga baya. In ya nuna baka da nau'in B ka nemi rigakafinsa, allura uku ce cikin wata shida, ka ja Yaya ku je tare, amarya ma haka. Abokin naka kuma kar ka guje shi, nau'in B da C ba a ɗaukarsu ta gaisawa ko cin abinci kwano ɗaya.

Duk ranar da ka gama aski ka cire rezar, ka buɗe askar ka wanke da sabulu har cikin lungun, ka goge da sifirit ka bar ta ta bushe kafin ka rufe. Wutar laita da ake ɗan haska wa ƙarfe daƙiƙa biyu a shago kar ka dogara da ita. Tsofaffin reza kuma ka samu gwangwanin madara da aka huda aka tsiyaye, ka faɗaɗa hudar ta zama 'yar tsaga, ka riƙa zura su ciki, in ya cika ka bubbuge bakin ka rufe. Yara suna wasa a bola, masu jari-bola da hannu suke tonawa, kuma nan da 'yan shekaru in Allah ya yarda naka yaran ne za su riƙa buɗe maka durowa. In tafiya ta kama ka ta jirgi, rezar a babbar jaka ake sawa, ba a barin ta a jakar hannu.

Na biki kuwa, ga yadda zan yi in ni ne kai. Sati huɗun nan wuya yana hutu, in kana so ka riƙa koyo a kumatu kaɗai sau ɗaya a sati, inda ba ƙurji, ranar da ba ka sauri, da rana kusa da taga ba da fitilar waya ba. Ana jibi ɗaurin aure ko ana gobe, ba safiyar ranar ba, ka ɗauki askarka da sabuwar reza a takardarta da alimun ɗinka ka tafi wajen mai askin da ka saba da shi, ka miƙa masa ka ce da wannan za a yi min, a fitar da layi, wuya kuma kilifa kawai kar a tare gashi. Ba zai ji haushi ba, sun saba, wasu ma kilifarsu suke zuwa da ita. Hannunsa ya yi shekaru yana wannan aiki, naka sati biyar bai isa a ba shi fuskar da za a ɗauka hoto a rataye a falo ba. Koyon sai a ci gaba bayan an watse, lokacin ma ga mai riƙe maka madubi. Ka gaida amarya, ka ce mata an kama magen an ɗaure.